Raga Biyu

Gwiwata ta hagu tana riga rediyo sanin hadari.
In ta fara cizo da asuba
sai in ce wa Graciete: kwashe shanyarki,
teku zai tashi da fushi yau.
Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, gwiwar nan.
Dillalai sun yi, shugabannin kulob sun yi,
jarida ma ta yi sau ɗaya, ranar da ta kira ni bango.

A Peniche aka yanke mini cibiya,
inda iska ke faɗowa gida ba sallama
ta bar gishiri a jikin ƙofa.
Ubana yana ɗinkin koma a bakin ruwa,
ni kuwa na zaɓi tsaron wata ragar.
Ya ce: wane irin ɗa na haifa,
mai murna in ragarsa ta kwana ba komai?

Ina ɗan sha bakwai na hau mota zuwa arewa,
jakar leda a hannu, takalman aro a ciki.
Kulob shida, shekara ashirin ba ɗaya.
Rukuni na biyu, na uku, na biyu kuma,
filayen da ruwa ke mayarwa fadama,
bas mai warin man zafi da ɓawon lemo,
albashin da ke zuwa a watan da ya ga dama.
Kaka ɗaya tak na ɗanɗana rukunin manya,
rabinta a benci, bargo a cinya,
ina kallon wani yaro sanye da lamba ɗaya.

Amma akwai wata Lahadi.
Saura minti guda, alƙali ya nuna fenareti,
mutum dubu talatin suka haɗiye numfashi.
Mai bugu ya kalli dama, ƙafarsa ta tona masa asiri.
Na faɗa hagu.
Ƙwallo ta taɓa ƙaramin yatsana, ta karya shi,
ta bugi ƙarfe, ta fita.

Ranar ubana yana can tsakiyar ruwa,
rediyonsa ya jiƙe, ya yi gum tun kafin hutun rabin lokaci.
Sai da safe ya ji a bakin mai sayar da ƙanƙara.
Ya kira ni. Ya ce: an ce ka hana wani cin abincinsa.
Ya yi dogon tari, ya ajiye waya.
Bayan an binne shi na tsinci yankin jarida
a aljihun rigar ruwansa, ya yi laushi kamar tsumma,
fuskata ta goge don yawan shafa.

Ba wanda ya yi mini bikin ban kwana.
Likita ya ɗaga hoton ƙashi ga fitila,
ya girgiza kai, shi ke nan.
Safar hannuna tana rataye a ƙusa bayan ƙofa,
zoben aurena a wuya, ɗaure da zare,
don yatsun sun karkace, kowanne ya kama gabansa.

Yanzu duk Asabar kafin gari ya waye
nake tura keken farar ƙasa a filin yara,
ina jan layi: nan ciki, nan waje.
Makon jiya ragarsu ta yage ta kusurwa.
Na zauna da allurar katako ta ubana,
sai ga hannuna yana ƙullin da ban taɓa koya ba.

Benedita, 'yar shekara tara, safar hannu ta fi ƙarfinta,
ta tsaya a kaina:
Baba Belmiro, da gaske an nuna ka a talabijin?
Na ce, wata Lahadi.
Ka ci?
Na ce, ban dai bari an ci ba.
Ta juya maganar a baki kamar alewar da ba ta sani ba,
sannan ta ce in matsa, na tare mata raga.

Na matsa. Gwiwa ta cije ni.
Ruwa na tafe kafin a tashi wasa.